Fashin Baƙi: Sinadaran da Ke Cikin Tsirran Maganin Kurdawa, da Inda Magani Ke Rikiɗa Ya Zama Cuta

Idan ɗakin gwaje-gwaje ya tabbatar cewa tsiro kaza yana ɗauke da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta ko sauke sugan jini, shi ke nan tsiron ya zama magani? Wannan tambaya ce ke tasowa a kan tsirran tsaunukan Kurdistan. Duk shekara jami'o'in Arbil da Sulaimaniya da Duhok da Karmansha suna fitar da sakamakon bincike a kansu. Kafin ka ce kwabo wani ya tsinci layi ɗaya ya ɗora a Facebook, wani kuma ya ɗura garin saiwar a kwalba ya yanka mata farashi. Masu kushe suna cewa duk camfi ne, masu yabo suna cewa abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Dukansu sun kauce hanya. Sinadaran suna nan, an ware su, an auna su, an kuma san aikin da yawansu a jikin ɗan Adam. Inda gizo ke saƙar shi ne, sau tari sinadarin da ke yin maganin shi ne dai ke yin ɓarnar. Abin da ke raba tsakani shi ne wane sashe na tsiron aka ɗauka, yaya aka sarrafa shi, nawa aka sha, tsawon wane lokaci, kuma wa ya sha.

Ƙasar da tsirran suke

Kurdistan yanki ne na Kurdawa da ya ratsa kudu maso gabashin Turkiyya, arewacin Iraƙi, yammacin Iran da arewa maso gabashin Siriya. Ƙashin bayansa tsaunukan Zagros da Toros ne. Da hunturu dusar ƙanƙara ke rufe su, da rani kuma zafi ne busasshe. Tsakanin Maris da Mayu, idan ƙanƙara ta narke, mata da makiyaya sukan hau tsauni su tsinko ganyaye da saiwoyi su kawo kasuwa. Da yawa daga abin da ake kira magani a can abincin wannan lokaci ne, ana cin sa makonni kaɗan sannan ya ɓace sai baɗi. A riƙe wannan batu, domin tazarar da yanayi ke sakawa tana cikin abin da ke kare masu ci.

Masu talla suna son kafa hujja da kogon Shanidar da ke lardin Arbil. A 1960 Ba'amurke Ralph Solecki ya tono ƙasusuwan ɗaya daga cikin mutanen dā da masana ke kira Niyandatal, daga baya aka samu tarin ƙurar fure a ƙasar da ke kewaye da shi, har da ta tsirran da ake magani da su a yau irin su Achillea da Ephedra. Daga nan labari ya bazu cewa shekara dubu 60 ke nan ana magani da ganye a yankin. Amma kan masana bai haɗu a kan haka ba. Wasu sun nuna cewa wani ɓeran daji mai tara furanni a rami zai iya kai su wurin, a 2023 kuma masu sabon tono a kogon suka ce zargi ya fi faɗawa kan ƙudan zuma masu gina gida a ƙasa. Abin da ke rubuce ya isa hujja: Abu Hanifa Dinawari, ɗan garin Dinawar kusa da Karmansha, wanda ya rasu wajen shekarar 895 Miladiyya, ya bar Kitabun Nabati, mai ɗauke da bayanin ɗaruruwan tsirrai.

Tarihin baya-bayan nan ya fi shafar mai saye na yau. A ƙarshen shekarun 1980, musamman a farmakin Anfal na 1988, gwamnatin Saddam Husaini ta rushe ƙauyukan Kurdawa kusan 4,000, aka kwashe mutane zuwa sansanoni da garuruwa. A shekarun 1990 kuma takunkumi biyu suka haɗu a kansu, na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Iraƙi da na Bagadaza a kan Kurdawa, maganin asibiti ya yi wuya. Buƙatar ganye ta ƙaru daidai lokacin da aka raba tsofaffin da suka san shi da tsaunin da yake fitowa. Wani bincike da aka buga a 2011 kan kasuwar Ƙaisariyya ta Arbil ya nuna cewa kaso mai yawa na kayan da attarai, wato masu sayar da ganyen magani da kayan ƙamshi, ke kasawa, shigo da shi ake yi daga ƙasashe irin su Indiya da Iran. Ba duk abin da aka rubuta wa sunan Kurdistan ne ya fito daga tsaunin Kurdistan ba.

Me ake nufi da sinadarin magani?

Tsiro ba ya iya gudu daga akuya ko ƙwaro, don haka da sinadari yake kare kansa. Ɗaci, bauri, ƙamshi mai ƙarfi da ƙaiƙayi duk makamai ne. Masana sun kasa su dangi-dangi: alkaloyid masu ɗaci da taɓa jijiya, irin su kwinin da nikotin, tanin masu bauri, mai mai tashi da ke ba ganye ƙamshi, safonin masu kumfa, antirakwinon masu saka gudawa. Kowane dangi da abin da ke fito da shi. Ruwa yana jawo tanin da safonin. Man zaitun yana jawo abin da ruwa ba ya narkarwa. Tafasa a buɗe tana korar mai mai tashi ya bi tururi. Saboda haka jiƙo da dafaffe da gari da tataccen mai na tsiro ɗaya magunguna ne daban-daban.

Hujja kuma hawa-hawa ce. Na ƙasa shi ne gwaji a faranti, inda ake ɗiga ruwan tsiro a kan ƙwayoyin cuta ko ƙwayoyin ciwon daji, wato kansa. Na tsakiya gwaji a ɓeraye. Na sama gwaji a marasa lafiya, ana kwatanta su da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Yawancin abin da ake yaɗawa a kan tsirran Kurdawa a hawan ƙasa ya tsaya. A faranti babu hanjin da zai ƙi tsotsar sinadarin, babu hantar da za ta farfasa shi, babu ƙodar da za ta zubar da shi. Ko magungunan da suka kai ga gwaji a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kai labari.

Ƙaron ƙazwan da gyambon ciki

Bishiyar da Kurdawa ke kira ƙazwan, masana kuma Pistacia atlantica, 'yar'uwar fistashiyo ce ta daji. A tsakiyar rani mai tatsa yakan sassari jikinta da ɗan gizago, sara gajere-gajere, ya murza yumɓu ya yi 'yan ƙananan kofuna, ya manna ɗaya a ƙarƙashin kowane sara. Ƙaron yakan tsattsafo a hankali, mai danƙo, mai ɗaci da ƙamshi. Bayan kwanaki ya dawo ya kwashe. Ɗanyensa ake haɗiya don ciwon ciki ko a shafa a rauni. Wani kuma a tafasa shi da ruwa a tace, ya zama cingam ɗin da suke kira binesht.

Ƙaron kashi biyu ne. Akwai mai mai tashi, wanda mafi yawansa sinadarin alfa-finin ne, sau da yawa sama da kashi 70 cikin 100 na man. Akwai kuma daskararren ɓangare mai ɗauke da asid-asid na dangin tiraitafin. Tafasa tana korar kaso mai yawa na man, shi ya sa cingam ɗin ya rage ɗaci, kuma shi ya sa mai taunarsa ba ya samun abin da mai haɗiyar ɗanye ke samu.

Gwajin da ake yawan ambata ba ma a kan ƙazwan aka yi ba, a kan ƙaron 'yar'uwarta ne Pistacia lentiscus, wato mastika. A 1984 likitoci a Iraƙi suka gwada shi a mutum 38 masu gyambon hanji, giram 1 a rana na mako biyu. Da aka leƙa cikinsu da na'ura, gyambon ya warke a kashi 70 cikin 100 na masu shan ƙaron, da kashi 22 na waɗanda ba su sha ba. A 1998 wasu masana a Nottingham ta Ingila, cikinsu har da Bakurde Dlawer Ala'Aldeen wanda daga baya ya zama ministan ilimi mai zurfi na yankin Kurdistan na Iraƙi, suka nuna cewa ƙaron yana kashe ƙwayar Helicobacter pylori, uwar gyambon ciki, a faranti. Labari ya karaɗe duniya, kamfanoni suka shiga ɗura shi a kafso.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. A 2003 masana a can Nottingham ɗin suka ba masu ɗauke da ƙwayar giram 1 na ƙaron mastika sau huɗu a rana na kwana 14. Mutum takwas suka kammala, kuma babu ko ɗaya da ƙwayar ta bar cikinsa. Wannan shi ne aikin ilimi na gaskiya, kuma masanan sun cancanci yabo da suka buga sakamakon da ya rage wa nasu binciken armashi. Ƙaron zai iya lafar da zafin ciki, amma lafawar zafi daban, kawar da ƙwayar daban. Ƙwayar tana cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki, kuma maganinta haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne da mai rage tsamin ciki na kwana 10 zuwa 14. Mai baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama babu dalili, asibiti ne nasa ba cingam ba.

Saiwar sus: zaƙin da ke tayar da hawan jini

A titunan Diyarbakir da rani za ka ga mai sharba da tulun tagulla a goye, yana sunkuyawa yana tsiyayo baƙin ruwa mai kumfa a kofi. Ruwan saiwar sus ne, Glycyrrhiza glabra, wanda mazauna Masar da Sudan suka sani da irƙusus, abin buɗe-baki a watan azumi. Ana daddaka saiwar ta yi zare-zare, a jiƙa ta ta yi awoyi, sannan a riƙa zuba ruwan sanyi yana tsiyaya ta cikinta. Ana shan sa don ƙishirwa, tari da ciwon ciki.

Sinadarinta gilisirizin ne, wanda ya ninka sukari zaƙi har kusan sau 50. Amfaninsa ba ƙarya ba ne: daga jikinsa aka haɗa kabenokzolon, maganin gyambon ciki da aka yi amfani da shi a Ingila a shekarun 1960. Abin da ya sa aka rage amfani da wancan magani shi ne dai matsalar saiwar. A cikin ƙoda akwai wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke sarrafa wasu sinadarai da shi, da ke aikin mai gadi a bakin ƙofa, yana hana sinadarin kotizol, wanda jiki da kansa ke samarwa, shiga inda ake ba da umarnin riƙe gishiri. Gilisirizin, bayan ƙwayoyin hanji sun sarrafa shi, yakan kwantar da wannan inzayim. Sai ƙoda ta shiga riƙe gishiri da ruwa tana zubar da fotasiyam, sinadarin da tsoka da zuciya ke buƙata don aiki. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, gaɓoɓi su mutu, bugun zuciya ya rikice.

Ga lissafin. A 2003 kwamitin kimiyyar abinci na Tarayyar Turai ya ba da shawarar kada a wuce miligiram 100 na gilisirizin a rana. Ma'aunin magunguna na Turai kuwa ya ce saiwa mai kyau tana da aƙalla kashi 4 cikin 100. Ke nan giram 2.5 na garin saiwa, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ya riga ya kai iyaka, kuma wata saiwar ta ninka haka ƙarfi. Ko wannan iyakar ba ta kowa ba ce: a wani gwaji da aka buga daga Suwidin a 2024, matasa masu lafiya da suka sha miligiram 100 kullum na mako biyu jininsu ya ɗan hau. A 2020 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani magini ɗan shekara 54 da zuciyarsa ta tsaya bayan ya yi makonni yana shan alewar sus kullum.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai hawan jini da ke shan maganin fitsari irin su Lasix, domin shi ma yana zubar da fotasiyam, da mai shan maganin zuciya na digokzin, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu. Kofi ɗaya jefi-jefi ga mai lafiya ba abin tsoro ba ne. Kofi biyu kullum na kwana 30 ga dattijo mai hawan jini wani lamari ne daban. Kuma ko an daina, jiki kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya daidaita.

Masu bauri, masu tsami, masu ƙaiƙayi

Mazu wani ƙululu ne da ke fitowa a reshen bishiyar baru, wadda Larabawa ke kira balluɗ, idan wani ƙaramin zanzaro ya saka ƙwai a jikinta. Tanin ne kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na nauyinsa, dangin sinadarin da majema ke nema a bagaruwa. Ƙarni da ƙarni ana fitar da shi daga yankin don jima da tawada. Mai kyau shi ne mai nauyi, mai duhun kore, marar huda. Wanda ya yi fari kuma yake da huda, ƙwaron ya riga ya fita, taninsa ya ragu. Tanin yana ƙanƙance fatar sama, shi ya sa ake kurkure baki da shi don dasashi mai jini, ake kuma barbaɗa shi a ƙaramin rauni. Iyakarsa asibitoci ne suka gano ta da tsada. Daga 1925 aka shiga shafa asid ɗin tanin a manyan ƙuna, sai a shekarun 1940 aka daina bayan an ga yana ratsa buɗaɗɗiyar fata ya lalata hanta. A ciki kuma tanin yana ɗaure sinadarin ƙarfe na abinci, abin da bai dace da mai ƙarancin jini ba.

Simaƙ, jajayen 'ya'yan Rhus coriaria da ake barbaɗawa a nama da albasa, shi ma yana da tanin da asid mai tsami. Ƙananan gwaje-gwaje a Iran, da giram 3 a rana na wata uku, sun nuna ɗan saukin suga. A matsayin kayan miya babu laifi a kansa, amma ba ya maye gurbin metfomin, maganin suga na asibiti.

Rewas, Rheum ribes, karansa ake ɓarewa a ci ɗanye a Afirilu da Mayu, mai tsami da ruwa-ruwa. Saiwarsa ce ake busarwa a dafa don ciwon suga. A saiwar akwai tanin, akwai kuma antirakwinon irin su emodin da kirisofanol, dangin sinadarin da ke sa filasko wanke ciki. Abu biyu masu karo da juna ke nan a saiwa ɗaya: kaɗan ya ɗaure ciki, da yawa ya sake shi bayan awa 8 zuwa 12. Ƙa'idar duk mai antirakwinon ita ce kada a wuce mako ɗaya zuwa biyu, domin daɗewa a kai na zubar da fotasiyam. Ciwon suga kuwa ba na mako biyu ba ne. Tsiron yana kuma da okzalet, sinadarin da ke taruwa ya zama tsakuwa a ƙoda, don haka mai tsakuwar ƙoda ya yi hattara ko da karan ne, ganyen kuwa ba a ci.

Kardi ya fi kowanne nuna darajar ilimin uwayen gida. Ganyen Arum ne, ɗan gida ɗaya da gwaza, cike da ƙananan duwatsun okzalet masu siffar allura. Wanda ya tauna ɗanye leɓe da harshe da maƙogwaro za su kumbura, ga yaro kuwa numfashi na iya toshewa. Matan Kurdawa sukan daɗe suna tafasa shi tare da abu mai tsami irin ruwan simaƙ har ƙaiƙayin ya mutu, sannan ya shiga miya. Wanda ya karanta cewa ruwan kardi ya kashe ƙwayoyin kansa a faranti, ya je ya markaɗa ɗanye ya sha, ya tsallake ainihin matakin da ya mai da shi abinci.

Meryemhort da hanta

Meryemhort, ɗan tsiro mai furfura da tsananin ɗaci, Teucrium polium, wanda Larabawa ke kira ja'ada, yana cikin waɗanda aka fi sha don suga da ciwon ciki. A ɓeraye yana sauke suga. Amma yana ɗauke da sinadaran daitafin waɗanda hanta, a ƙoƙarin farfasa su da inzayim ɗinta CYP3A4, take mayarwa guba mai kashe ƙwayoyinta. A 1992 Faransa ta haramta sayar da ɗan'uwansa Teucrium chamaedrys bayan mutane sama da 20 da ke shan sa don rage ƙiba sun kamu da ciwon hanta. A 1995 aka ba da rahoton mai shan ainihin meryemhort da sai da aka yi wa dashen hanta.

Mugun halinsa shi ne jinkiri. Ba ranar da aka sha ake ganin illa ba, sai bayan makonni, wani lokaci wata uku ko huɗu: kasala, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya. Mai shi ba zai zargi shayin da ya daɗe yana sha lafiya ba, wataƙila ma ya ƙara yawansa don maganin shawarar. Wanda ya warke ya koma sha, ciwon kan dawo da sauri fiye da na farko. A nan hukuncin a bayyane yake: babu amfanin da aka tabbatar a jikin mutum da ya kai girman wannan haɗari, bai kamata a sha shi kullum ba.

Kantaron: mai korar sauran magunguna

Hypericum perforatum, wanda a Turkiyya ake kira kantaron, ana gane shi da alama biyu. Ɗaga ganyen ga rana za ka ga ɗigo-ɗigo masu haske kamar an huda shi, murza tohon furen rawaya kuma yatsa ya yi ja. Ana cusa furannin a kwalba, a cika da man zaitun, a ajiye a rana kimanin kwana 40 har man ya yi ja, a shafa a ƙananan raunuka da ƙuna. Idan furen da raɓa aka zuba shi, ruwan kan kwanta a ƙasan kwalba man ya lalace, don haka ake barin sa ya sha iska tukuna.

Jan launin daga haifarisin yake, wanda ke sa fata ta kasa jure rana. Tumaki masu farar fata da suka ci shi da yawa fatarsu kan saluɓe. Ɗaya sinadarin, haifafurin, shi ke taɓa ƙwaƙwalwa. A nan hujja ta kai hawan sama: nazarin 2008 na Cochrane, cibiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 29 na mutum sama da 5,000, ya nuna tataccen kantaron yana taimaka wa masu ciwon damuwa marar tsanani. Amma wanda aka gwada aunanne ne, galibi miligiram 300 sau uku a rana, ba dunƙulen ganye a tukunya ba.

Haifafurin ɗin nan kuma yana zuga hanta ta ninka inzayim CYP3A4, wanda ke farfasa kaso babba na magungunan asibiti. Sai magani ya fice daga jini kafin ya yi aiki. A 2000 wani gwaji a Amurka ya nuna ya rage indinabir, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, da kashi 57 cikin 100. A shekarar ce likitoci a Zurik suka ba da rahoton mutum biyu da jikinsu ya fara ƙin zuciyar da aka dasa masu saboda ya kore saikulosforin, maganin da ke hana jiki ƙin dashe. Yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da wafarin mai tsinka jini. Takardar Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro da ke kowane kemis a ƙasar Hausa, ta hana haɗa shi da wannan tsiro. Haɗa shi da meryemhort kuwa zuga inzayim ɗin da ke ƙera gubar ne.

Isfand da jatra

Ƙwayar isfand, Peganum harmala, ana watsa ta a garwashi ta riƙa fashewa tana hayaƙi, don jariri ko amarya, da niyyar kariya daga mugun ido. Batun aƙida na malamai ne. Ta fuskar sinadari, hayaƙin ɗan lokaci ba ɗaya yake da haɗiya ba. Ƙwayar na da alkaloyid kashi 2 zuwa 7 cikin 100, harmin da harmalin, masu hana jiki farfasa serotonin, sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Wanda ya sha dafaffenta da yawa yakan yi amai, karkarwa, gane-gane, bugun zuciya ya ragu, mai ciki kuma ta yi ɓari. Haɗa ta da taramol ko magungunan damuwa na iya kai wa ga zazzaɓi mai zafi da farfaɗiya. A 2015 masana a New York sun gano harmin na sa ƙwayoyin da ke samar da insulin su hayayyafa a gwaji, kuma har yanzu bincike ake yi, ba a mai da shi maganin suga ba.

Jatra, dangin za'atar na tsauni, ita ce mai sauƙin sha'ani. Ƙamshinta daga kabakurol da taimol yake, masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma taimol na cikin ruwan kurkure baki na Listerine. Don tari da mura, giram 1 zuwa 2 na busasshen ganye a mililita 150 na tafasasshen ruwa, a rufe kofin minti 10 don kada man ya bi tururi. Tataccen manta ne abin tsoro. Idan ganye na ba da mai kashi 2 cikin 100, giram 1 na man ya tattara ƙarfin ganye giram 50, yana ƙona baki da maƙogwaro, kuma ba a ba yaro.

Su wa ke cewa me?

Attarai suna cewa kakanni sun yi ƙarnuka suna sha. Suna da gaskiya a kan gubar da ke kamawa nan take, kamar yadda kardi ya nuna. Amma idon gargajiya ba ya ganin cutar da ke zuwa bayan wata uku ko shekara goma. Zarawand, wato Aristolochia, ya daɗe a tsohon likitancin yankin, sai a farkon shekarun 1990, da ƙodar mata sama da 100 ta lalace a Beljiyam sanadin wani nau'insa, duniya ta farga cewa asid ɗinsa na kashe ƙoda yana kuma jawo kansa. Madacin ƙasa na ƙasar Hausa ɗan wannan dangi ne. Haka nan kakanni ba su taɓa haɗa ganye da wafarin ba.

Masu bincike suna cewa a tsirrai aka samo kwinin da atimisinin, magungunan zazzaɓin cizon sauro, kuma tsaunukan Zagros ba a gama tantance su ba. Gaskiya ne, sai dai gwajin faranti ya fi arha, shi ya sa ya yi yawa, na marasa lafiya ya yi kaɗan. Likitoci kuma da yawansu hantarar mai shan ganye suke yi, sai ya ɓoye, a rasa dalilin da ya sa jininsa ya ƙi sauka. Ga kuma tsaunin kansa. Bishiyar ƙazwan da ake sassara kowace shekara babu hutu tana raunana, rewas da ake tumɓukewa da saiwa ba ya dawowa, kuma har yau nakiyoyin da aka binne a yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 suna tashi da masu tsintar ganye a kan iyaka.

Abin da ya shafi mai saye

Mai saye daga nesa gari ko kafso yake samu, ba ya ganin ganye balle fure. Suna ɗaya na Kurdanci ko Larabci kan hau tsirrai biyu ko uku, don haka kwalbar da ba ta da sunan kimiyya, da sashen tsiron, da nauyin kowane awo, ba a san abin da ke cikinta ba. Ƙarfin tsiro ɗaya ma yana sauyawa da tsayin tsauni, watan tsinka da tsawon ajiya. Saiwar da aka ajiye a danshi kuma tana yin fumfuna mai gubar hanta.

Wanda ya riga ya fara sha ya kai kwalbar wurin likita ko mai harhaɗa magunguna. Mai shan sus ya auna jini ya kuma nemi gwajin fotasiyam, wanda daidansa 3.5 zuwa 5.0 ne. Mai shan meryemhort ya daina, ya yi gwajin hanta ko da idonsa bai yi rawaya ba. Mai suga da ke haɗa ganye da insulin ko ƙwayar suga ta gilibenkilamaid ya riƙa auna suga, domin gumi da karkarwa da jiri alamar faɗuwarsa ce. Kantaron ana barin sa mako biyu kafin tiyata. Amma wanda aka daidaita wa wafarin ko saikulosforin yana cikin shan kantaron kada ya yanke shi gaba ɗaya shi kaɗai, domin cikin mako ɗaya zuwa biyu hanta za ta koma aikinta na da, awon maganin da ya yi daidai jiya ya yi yawa, sai an sake gwajin jini an rage shi.